Akwatin Ban Ruwa da Ya Zauna Jiran Sabis

Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu shi ne yadda kuke faɗo mini shago da waya a hannu, kun gama kallon bidiyo, ku ce in ba ku bod ɗin da ya fi kowanne. Ba ku faɗi aikin da zai yi ba, ba ku faɗi inda za a kai shi ba, ba ku ma san ko akwai wuta a wurin ba. Wanda ya fi kowanne kawai. Wani har ya ƙara mini da cewa ai abin ba wuya, kod ake kwafowa a zuba. To irin wannan ba na sayar masa. Na kori da yawa, kuma zan ƙara kora, ko ɗan wane ne.

Ga wanda bai sani ba, bod ɗin nan wani ɗan faranti ne da bai wuce tafin hannu ba, da 'yar baƙar ƙwaƙwalwa a tsakiyarsa. Shi kaɗai bai san komai ba. Sai ka zauna gaban kwamfuta ka rubuta masa umarni, shi ake kira kod, ka zuba masa ta kebul, sannan ya riƙa kunna famfo ko fanka ko fitila a lokacin da ka ce, ya kashe a lokacin da ka ce. Sana'ata ke nan a Wurno. Sunana Hauwa'u, Inna Kulu ake ce mini. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na iya rubuta sunan nan, a ajin yaƙi da jahilci. Kafin nan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi.

Caji ne ya kai ni ga wannan aiki. Bayan na fita daga aji na sayi fanel ɗin sola da batir, ina yi wa mutanen unguwa cajin waya. Wata rana akwatin da ke tsakanin fanel da batir ya yi wari ya mutu. Na ɗauke shi har Sakkwato, aka nuna mini shagon wani Malam Garba mai gyaran kayan sola. A gabana ya buɗe, ya taɓa nan ya taɓa can da wasu tsinkaye biyu, ja da baƙi, ya cire wani abu da bai kai ƙwayar wake ba, ya sa wani. Akwati ya tashi. Na daɗe ina kallon ɗan abin da ya cire.

Na ce, “Malam, ka koya min wanga aiki.”

Ya yi dariya. “Inna, wanga ba aikin tsohi ba na. Turanci na da lissahi.”

“Kai da su anka haihe ka?”

“A'a.”

“To. Yaushe za ni zo?”

Haka na fara sauka gidan wata 'yar'uwarmu a Sakkwato, in yi kwanaki a shago, in dawo gida. Watanni na yi bai bar ni na taɓa bod ba. Mita ya ba ni, wato abin nan mai tsinkaye biyu da ke faɗa maka ƙarfin wutar da ke cikin waya. Batirin tocila, batirin babur, fanel da safe, fanel da rana tsaka, fanel in hadari ya taso, duk sai na auna na faɗa masa da baki. Daga nan dalma, wadda ake narkawa a liƙe waya. Samarin shagon tsalle suke yi in ta ɗiga musu. Ni da na yi shekara da shekaru ina tsamo ƙuli daga tafasasshen mai, ko a jikina. Har gobe in wani ya ce yana son sana'ar nan, mita nake sa shi ya fara saya. In ya ƙi, ya je ya ƙona kayansa a wani shago, ba nawa ba.

Da lokacin bod ya yi, samarin nan kowa ya zaɓi sabo, masu shiga intanet, masu ɗaukar layin waya. Ni kuwa Malam Garba ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini wani tsoho shuɗi, gefensa ɗaya har ya ci wuta. Na ji haushi, kuma na faɗa masa.

“Don ni tsohuwa ta, shi ya sa ka ba ni tsoho?”

“Inna, wanga ko kin juya mai waya ba shi saurin mutuwa. In ya mutu, kowane shago cikin kasuwa akwai ɗan'uwanai. Kuma duk wanda kinka tambaya ya taɓa aiki da shi.”

Ya karɓi tsohuwar laftof ɗin da na saya a hannu, ya zuba mini manhajar rubuta kod daga memorinsa. Irin wadda ke zaune cikin kwamfutar ce, ba ta neman data, ba ta neman kowa.

Aikina na farko 'yar fitila ce da za ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Kada ku yi dariya. Kwana da kwanaki na yi kwamfuta ta ƙi ganin bod ɗin. Na kashe na kunna, na hura bakin kebul, har na ɗauka na ƙona abin. Malam Garba yana kallona yana cin gyaɗa. Da ya ga na kusa jifa da laftof ɗin, sai ya zare kebul ɗina ya sa nasa, nan take komai ya tafi. Nawa na cajin waya ne, wuta kawai yake kaiwa, ba ya kai magana. A ido iri ɗaya suke. Wannan babu shi a bidiyon da kuke kallo.

Kod ɗin kansa da Turanci ake rubuta shi, amma ba Turancin hira ba ne. 'Yan kalmomi ne suna ta maimaituwa: in kaza ya faru yi kaza, jira, sake komawa. Na haddace su yadda na haddace awon tiya. Akwai wata manhajar da ake jawo hotuna a jera su kamar bulo, ba sai an rubuta komai ba. Na taɓa ta, tana da daɗi ga hannun farko, ban hana kowa ba. Amma ranar da aikinka ya wuce bulon da suka yanka maka, nan za ka tsaya.

Da na buɗe shago a zauren gidanmu, masu albasa ne suka fara zuwa. Na yi wa wani fankar da ke tashi da kanta in ɗakin ajiya ya ɗauki zafi. Na yi wa wata Islamiyya abin da ke kashe famfo in tanki ya cika, don da sai ruwa ya malale har titi. Na yi wa kaina injin ƙyanƙyasa da gangar tsohon firji, da ƙwan fitila da fanka a ciki, kuma shuɗin nan na Malam Garba shi na sa ya riƙe mini zafin. Matan unguwa suka riƙa kawo ƙwan zabi ina sa musu.

Sai aikin Yaya Sanda. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana da fadama a bakin gulbi ta wajen Goronyo, da 'yar rijiyar burtsatse da famfon sola. Wurin da nisa, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai ciwon gwiwa irinsa. A shekarun ne hanyar ta lalace. 'Yan bindiga suka fara ɗaukar mutane a gona, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ga shi irin albasa, in ruwan sama ya ɗauke, kullum safiya sai an ba shi ruwa. Ba kuma za ka bar famfo a kunne ka tafi ba, rijiya za ta ƙafe, famfo ya ƙone, iri ya ruɓe. Dole wani ya kunna, ya kashe.

Ya ga wani bod mai layin waya a hannun wani Alhaji, ya ce irinsa yake so. Na sayo, na haɗa masa cikin akwati. Aiki ne mai kyau, ba na jin kunyarsa. Yana zaune ƙofar gida zai tura saƙo, famfo ya tashi, akwatin ya maido masa da amsa. Na kuma rubuta masa cewa ko ba a tura saƙo ba, kowace safiya ya ba da ruwa ya kashe. Abu biyu ne game da bod ɗin nan da babu wanda ya ɗauke su bakin komai a lokacin. Ba shi da agogo nasa, wurin sabis yake tambayar lokaci. Kuma kod ɗinsa a wani shafin intanet ake rubuta shi, daga can ake zubo masa. Mai sayarwa ya ce wannan ne sauƙinsa, kuma gaskiya ya faɗa, muddin akwai sabis.

A ƙarshen wata damina muka wayi gari wayoyinmu sun zama tocila. An yanke sabis a yankinmu gaba ɗaya, Wurno, Rabah, Goronyo da sauransu, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. An hana sayar da mai a jarka, an rufe wasu kasuwanni, motoci suka yi ƙaranci. Yaya Sanda ya zo da wayarsa yana ta dannawa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, akwatin ya san aikin safiya ko ba saƙo.

Bayan 'yan kwanaki wani masunci da ke bin gulbin da kwale-kwale ya aiko masa cewa ƙasar irinsa ta tsage. Washegari ya bi ayarin manoman da ke zuwa tare, ya kunna famfo da hannu, ya ciro akwatin. Kafin azahar ya ajiye mini shi kan tebur, fuskarsa ba kyau. Ya ce a gonar da ke gaba da tasa an tarar da takalmi da buta, ba a ga mai su ba.

“Kulu, akwatinki ya mutu.”

Na buɗe, na sa mita. Batirinsa ya yi sanyi, shi ke nan. Kafin gari ya waye yakan ɗauke, in rana ta fito ya farka. Can da, in ya farka sai ya tambayi sabis ƙarfe nawa, a gaya masa, ya ci gaba, ba wanda ya ma san ya ɗauke. Yanzu ya farka ya tambaya, ba amsa. Sai ya zauna.

Na ce, “Bai mutu ba, Yaya. Jira shika yi.”

“Jiran mi?”

“Jiran a gaya mai lokaci.”

“To gaya mai mana!”

“Da mi? Bakin da nika magana da shi shina cikin intanet.”

Duk da haka na buɗe laftof. Shafin ya ƙi buɗewa. Na buɗe tsohuwar manhajar Malam Garba, na jona sabon bod, ba ta san shi ba. Tana iya saninsa, amma sai an sauko mata da wani ƙari, shi ma daga intanet. Ga bod lafiyayye a hannuna, ga kwamfuta da caji, ga ni na san abin da zan rubuta, layi kaɗan ne, amma babu hanyar da zan isar masa. Shi ya sa yau, kafin in ba mutum bod, nake tambayarsa abin da zai rage a hannunsa in an yanke sabis gobe, in kasuwa ta rufe, in mai sayarwa ya ɓace. Wanda za ka iya rubuta wa kod kana cikin ɗakinka, ƙofa a rufe, shi ne naka. Sauran aro ne, kuma mai shi yana iya karɓa ba tare da ya san kana duniya ba.

Na ce zan je Sakkwato, can akwai sabis. Ya ce da irin motocin yanzu, zuwa da dawowa sai ya ci kwana biyu ko fiye, iri kuwa ba ya jira. Kuma irin nan nasa ne da ya adana tun bara, in ya mutu babu wani, babu albasar bana.

“Ni dai gobe ina zuwa. Jibi ma ina zuwa. Har ki dawo.”

“Ba ka zuwa.”

“In zauna in ci mi? Ɗiyana su ci mi?”

“In sunka ɗauke ka, ɗiyanka su ci mi?”

Ya kau da kai, amma na san halin Yaya Sanda tun muna yara. Zuwa zai yi.

Bod ɗaya ne a duk Wurno da na san tsohuwar manhajata na iya magana da shi kuma ina da ikon taɓa shi, shi ne shuɗin da ke cikin injin ƙyanƙyasa. Ƙwan zabi ne cike a ciki, nawa da na maƙwabta, sun kusa fashewa. Na cire shi. Na jera ƙwan a ƙwarya na rufe da tsumma, na aika gida-gida ana neman kazar da ke kwanci a tura mata. Da yawa ba su ƙyanƙyashe ba. Akwai wadda har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana.

Shuɗin ma ba shi da agogo. Akwai ɗan agogo mai batir da ake saya daban a jona masa, amma ba ni da ko ɗaya a shago. In na ce ya ƙirga lokaci da kansa, batir na ɗaukewa zai manta ya koma farko. Na zauna ina juya abin, Yaya Sanda na tsaye a kaina.

“Wai dole sai da agogo? Ni tun da nike ban taɓa duba agogo ba in ba iri ruwa. In rana ta hito ta ɗan ɗaga, shi ke nan.”

Na fita tsakar gida da mita. Fanel ai ya san fitowar rana. Da dare ba ya ba da komai, rana na ɗagawa wutarsa na hawa, na auna wannan har na gaji a shagon Malam Garba. In bod ɗin ya riƙa sauraron ɗan fanel ɗin da ke cajin batirinsa, zai san an yi duhu, zai san gari ya waye. Sai dai wutar fanel ta fi ƙarfinsa, in an ba shi kai tsaye zai ƙone. Na fasa wata matacciyar rediyo na ciro rizisto biyu, 'yan ƙanana masu zobban launi, na haɗa su suka rage wutar. Na auna, na sake aunawa, don in wannan bod ya ƙone babu na uku.

Na sa ƙwan fitila a matsayin famfo, na rufe fanel da zane, na buɗe. Fitila ta kama, ta yi lokacinta, ta mutu. Yaya Sanda ya yi kabbara. Ana cikin haka wani girgije ya rufe rana ya wuce, fitila ta sake kamawa. Ƙarshen damina ne, hadari na yawo. In na bar shi haka, duk girgijen da ya gifta sai ya ɗauka an kwana, ya yi ta zuba ruwa har rijiya ta ƙafe. Sai na rubuta masa cewa kada ya yarda an yi dare sai duhun ya daɗe, kamar tsawon dahuwar shinkafa, ba yankewa. In haske ya shigo a tsakani, ya koma ƙirga daga farko. Na kuma sa 'yar jar fitila da za ta kama in ya yarda dare ya yi, ya kuma ajiye wannan yardar inda ko batir ya ɗauke ba zai manta ba. Na yi ta gwadawa har rana ta faɗi. Duk gwaji ya kunna, ya kashe.

Ya ce in ba shi akwatin ya kai da safe. Wai mace ba ta zuwa can yanzu. Na baza masa wayoyin a gabansa.

“Wacce ka zuwa batir, wacce ka zuwa famfo, wacce ka zuwa fanel? In ka juya guda, ya ƙone.”

Ya duba, ya duba, ya ce in sa tufafi masu duhu.

Da hantsi muka bi ayarin manoma. Muka bar babur a ƙauyen ƙarshe, sauran muka taka, yana ɗingishi a gabana. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ba ka ganin abin da ke bayanta. Irin nasa ya kwanta, bakin ganyen ya fara yin fari. Na durƙusa gindin ƙarfen fanel na jona wayoyi, ina aunawa kafin in ɗaure kowacce. Abin da ya yi aiki a tsakar gida da ƙwan fitila ba lalle ya yi da famfon gaske ba, sai an gani. Na lulluɓe ɗan fanel ɗin da buhu, na danne gefensa da gwiwa. Yanzu sai jira, har jar fitila ta kama. Da na zo da laftof da na rage tsawon jiran don gwaji, amma ba a kai laftof irin wannan wuri.

Jiran ya yi nisa sai muka ji babura daga hayin gulbi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. A lokacin da mai ya yi wuya haka, babu manoman da za su tada babura da yawa a tare. Dattijon da ke gonar kusa ya ɗaga mana hannu, ya yar da fartanya ya shige dawa. Sauran ma haka.

Yaya Sanda ya kama mini hannu. “Kulu, tashi mu tahi.”

“Hitila ba ta kama ba.”

“Ki bar hitila! Cire buhun ga mu tahi!”

“In na cire yanzu, aikin banza munka yi. In munka tahi ba mu gani ba, gobe ka dawo. Na san ka.”

“To ni in tsaya, ke ki tahi.”

“In ya ƙi tashi, kai ka san inda za ka taɓa?”

Ya zage ni, zagin da bai yi mini ba tun ina yarinya, sannan ya tsuguna kusa da ni. Na kwanta rub da ciki, gwiwar hannuna kan buhu, idona cikin akwati. Iska na ɗaga gefen buhun, ina dannewa, don ko ɗan haske ya shiga, ƙirga ta lalace. Ƙarar baburan ta yi ta matsowa har ta zo daidai da mu a can hayin, sai ta tsaya. Tsayawar ta fi ƙarar muni. Ana jin muryoyi bisa ruwa, ba a jin abin da suke cewa. Ina jin numfashin Yaya Sanda, ina jin leɓensa na motsi da addu'a. Tururuwa na hawa mini ƙafa, ban motsa ba.

Jar fitila ta kama.

Na janye buhun. Ba abin da ya faru. Na san dole ya ɗan tabbatar hasken na gaske ne, ni na rubuta hakan. Sai akwatin ya yi ƙas, famfo ya yi gurnani, tiyo ya yi tari ya tofar da iska da laka, ruwa ya biyo baya. Ya bi 'yar magudanar ya shiga fangali na farko, ƙasa na shan sa tana kumfa. A kunnena kamar duk gulbin na jin ƙarar famfon nan. Na rufe akwatin na ɗaure, muka shige dawa a duƙe. Mun yi nisa muka ji an tada baburan, ƙarar ta yi gabas. Ban san ko su wane ne ba, kuma ban tambaya ba.

Albasar shekarar nan na ci ta a miya, amma a ranar babu wanda ya san haka. Bayan magariba ya zo shago, ya tsaya bakin ƙofa bai zauna ba.

“Sannu da aiki, Kulu.”

“Sannu, Yaya. Ya gwiwa?”

“Da sauƙi. Mun ga ya kunna. Ba mu ga ya kashe ba.”

“Ya kashe gabanka jiya, ba sau guda ba.”

“Ƙwan hitila ya kashe. Kuma daren buhu daban, daren Allah daban. Gobe in leƙa dai, in gani da idona, sau guda.”

“Masuncin nan kullum shina wucewa. A aika mai shi duba daga ruwa.”

“Gonar masunci ta?”

“Yaya, na kashe ƙwan mutane. Na kwanta cikin tururuwa mutanen daji na hayi. Duk don mi? Don ka leƙa?”

“Ke ba ki gaya min inda za ni da inda ba ni zuwa. Ni ag gaba gare ki.”

Ya juya ya tafi.

Da asuba, yana masallaci, na shiga gidansa. Matarsa na hura wuta. Ta dube ni, ta dubi sifanar da ke hannuna, ta juya baya ta ci gaba da hura wutarta. Na kwance fulogin babur ɗinsa na ƙulle a bakin zane. Na biya ta gidan masuncin na bar saƙo ya duba gonar in ya wuce, ya kai wa Yaya Sanda labari. Na buga ƙofar makanikin unguwa na ce masa in ya sayar wa yayana fulogi kafin in dawo, ko ya ara masa, kada shi ko wani na gidansu ya ƙara kawo mini waya caji. Sannan na rataya laftof, na nufi tasha in je in kwaso duk wata manhaja da Malam Garba ke da ita, da 'yan agogo masu batir, da shuɗin bod ko nawa na samu. Mota ɗaya ce ke lodin Sakkwato. Na matse tsakanin buhunan gero na zauna, fulogin na sukar cinyata.